Shataletalen Badamasi Injiniya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sheme ya san mararrabar bakin kasuwa, in bai san ta da suna ba ya san ta da gumi. Nan hanyar Kankara ta haɗu da ta Faskari da wadda mutanen Sabuwa ke biyowa, kowace ta kwaso motocinta da shanunta da masu taurin kanta. Ranar kasuwa, wurin da kaza ke tsallakewa a taku ashirin, mota sai ta yi awa guda tana nishi ba ta tsallake ba.

A ƙuryar mararrabar akwai bishiyar bedi, ƙarƙashin bedin akwai tebur, bayan teburin akwai Badamasi. Cajin waya yake yi da turin waƙoƙi da finafinai, da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure wa murfi da roba. Wurin nan duk Sheme babu na biyunsa. Inuwa tun hantsi har la'asar, kuma duk fasinjan da ya sauka daga mota sai ya yi karo da teburin kafin ya yi karo da kowa. Alhaji Gide sarkin tasha ne ya ba shi wurin shekara shida da suka wuce. Mani mai tsire kuwa, wanda tukubarsa ke tsallake cikin rana tsaka, shekara shida ke nan yana kallon inuwar nan yana haɗiyar yawu.

Injiniya ake ce wa Badamasi, kuma shi ya raɗa wa kansa. Zango ɗaya da rabi ya yi a kwalejin fasaha ya tattaro ya dawo. In ka tambaye shi dalili sai ya gyara hula ya ce malaman ne suka fara zuwa ɗakinsa suna tambayar abin da za su koyar gobe, ya ga in ya ci gaba da zama zai raba bayin Allah da abincinsu.

Ana nan sai ƙanwarsa Khairiyya ta zo gida. Ita ta ƙare nata karatun har ƙarshe, tana aiki a wani ofishin tsara birane a Kaduna. Bikin suna za ta a Ruwan Godiya, ta biyo ta Sheme ta kwana biyu. Da yamma ta zo ta zauna a bencin yayanta, ta buɗe kwamfutarta don ta ƙarasa wani aiki. Badamasi ya leƙo ta kafaɗarta, ya ga wasu 'yan akwatuna rawaya suna bin baƙaƙen layuka, su tsaya, su juya, su wuce.

Ya ce, “Ke da girmanki wasan mota kike?”

“Ba wasa ba ne, Yaya. Manhaja ce ta gwada hanya kafin a gina ta. Ka zana titi, ka zuba mashi motoci, ka ga inda za su cushe tun ba a zuba kwalta ba.”

“Au, ita ce? Na san ta. Mun yi ta a makaranta.”

“A wane zango?”

“A rabin nan.”

Khairiyya ta san yayanta, ba ta ja ba. Da ta ga ya ƙi ɗauke ido, ta ce manhajar kyauta ce, bari ta sa masa a tasa kwamfutar. Ta sa, ta jawo benci ta fara koya masa. Da farko ka ɗiga ɗigo a duk inda hanyoyi suka haɗu, ka ja layi daga ɗigo zuwa ɗigo, ka faɗa mata faɗin titin da gudun da aka yarda a yi. Sannan ka faɗa mata motoci nawa ke shigowa a awa, daga ina suke, ina suka nufa, manya ne ko ƙanana. Sai ka danna koren maɓalli ka zuba ido, kana karanta abin da take rubuta maka a ƙasa.

Ta ce, “Amma kafin duk wannan, sai ka zauna ranar kasuwa guda da biro da takarda. Ka ƙirga duk abin da ya wuce, ka lura ina suke tsayawa, kuma mi ke tsaida su. Abin da ka ba ta shi za ta dafa maka. In ka ba ta tsakuwa, tsakuwa za ka ci.”

Badamasi ya yi dariya har da buga tebur. “Ni zan ƙirga motocin Sheme? Ni da ke gane kowace da tarinta tun tana bayan gari? Ƙirga ai na wanda kansa ba ya ja ne.”

Washegari Khairiyya ta wuce Ruwan Godiya, ta bar shi da manhaja.

Ranar farko ya zana mararrabar tsaf, amma ya manta bai haɗa hanyar Kankara da ɗigon tsakiya ba, manhajar ta ƙi sakin mota ko ɗaya daga can. Ya ce mutanen Kankara ne, dama ba su cika sammako ba. Rana ta biyu ya haɗa, sai dai wurin rubuta gudu hannunsa ya ƙara sifiri, motoci suka riƙa wucewa kamar ƙiftawar ido. Ya gyara. Ya nemi amalanke a jerin ababen hawa bai samu ba, ya ɗauki ƙaramar mota ya shafa mata ruwan ƙasa. Ya nemi shanu bai samu ba, ya sa kekuna a madadinsu, a cewarsa kan keke ma ai ƙaho biyu ne. Yawan motoci kuwa daga ka ya zuba, abin da ya zo bakinsa.

Rana ta uku ya zana shataletale a tsakiyar mararrabar, irin wanda ya taɓa gani a birni. Ya danna koren maɓalli. Motoci suka shigo suna zagayawa gwanin sha'awa, can sai suka fara taruwa, suka cushe, suka tsaya cik. Har ya kai hannu zai rufe kwamfutar, wani ya zo karɓar waya. Yana juyowa sai ya ga babbar motar da ke gaba ta ɓace ɓat, ta bayyana can gaba a hanyar Faskari tana tafiyarta. Wata ta bi ta. Wata ta bi. Kafin ka ce haka hanya ta buɗe.

Ya sake gwadawa, wannan karon da agogon waya a hannu. Minti biyar cif, motar da ta maƙale ta ɓace ta fito gaba. Ya gwada sau bakwai, sau bakwai haka. A ƙasan allon wani jan rubutu na Turanci yana ta zubowa layi bayan layi. Badamasi ya ja akwatin rubutun ya tura shi ƙasa inda ba a gani. Jan rubutu, in ji shi, na masu koyo ne.

Bayan la'asar ya aika aka gaya wa Alhaji Gide yana da abin nuna masa. Alhaji ya zo da carbi a hannu, direbobi biyar na biye, Mani ma ya bar tsirensa ya tsallako, wai ya zo aron ashana.

Badamasi ya juya masu kwamfutar. “Alhaji, wanga cunkoso da ya gagari iyayenmu, na gama da shi cikin kwana ukku. Ga mararrabarku nan. Ga bedi. Ga tukubar Mani, wancan ɗan ɗigon da rana ke duka.”

Ya danna. Aka zuba ido. Motoci na ta zagayawa.

Mani ya sunkuyo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Injiniya, waɗanga direbobin 'yan wane gari ne? Tun ɗazu nake kallo, ba wanda ya leƙo ya gaida wani.”

Direbobi suka fashe da dariya. Badamasi bai taɓa lura da haka ba sai yanzu, amma fuskarsa ba ta nuna ba.

“Ka ga sirrin da nake shirin hwaɗi ka riga ni, da yake hayaƙi bai gama cinye maka ido ba. Alhaji, ba yawan mota ne ciwon Sheme ba, gaisuwa ce. Mutum ya taka birki tsakiyar titi yana tambayar lahiyar kajin abokinshi. A tsarina doka ɗaya ce: a cikin shataletale taya ba ta tsayawa. Mai gaisuwa ya yi, amma taya na juyawa.”

Daidai nan motocin allon suka cushe. Alhaji Gide ya ce, “To ga shi sun tsaya.”

“A ba su minti biyar.”

Aka jira. Babbar mota ta ɓace, ta fito gaba. Alhaji ya daina jan carbi.

“Ina ta bi?”

“Ta wuce, Alhaji. Saurin lissahi ne, ido ba shi kama shi. Shataletale in an zana shi daidai, shi ke buɗe kanshi.”

Mani ya ce, “Ni kau tunda nake ban taɓa ganin motar Kanta mai layar zana ba.”

“Kai mi ka sani ban da tsinke da ƙuli?”

“Na san in na ɗora nama bisa wuta, nan nake iske shi.”

Alhaji Gide ya ɗaga hannu aka yi shiru. Mutum ne da mararrabar nan ta fitar wa furfura, ko boka ne ya zo da dabara zai saurara. Ya ce, “Badamasi, kasuwa mai zuwa na ba ka mararraba daga hantsi zuwa azahar. Dokarka na ɗaure mata gindi: duk direban da ya tsaya a cikin da'irar, sati guda ba shi ba layin lodi. In ta tahi kamar ta cikin akwatin nan, kai ne mai kula da ita, da riga mai ƙyalli da usur. In ta cushe fiye da da, teburinka ya koma bayan kara, Mani ya shigo inuwa.”

Bayan kara, inda ake cinikin shanu, ba inuwa, sai ƙuda da kashin shanu, da makiyaya masu 'yan wayoyin tocila da ke sati ba su nemi caji ba. Ko kare aka ba wurin sai ya yi shawara. Badamasi bai yi ba. Ya miƙa hannu ya ce, “Mani, ka sayi man shafawa, kai da rana sai mutuwa.”

Ana gobe kasuwa ya bi masu faci ya tara tsofaffin tayoyi ashirin da huɗu, ya shafe su da farar ƙasa. Ya rasa abin da zai kafa a tsakiya, ya shiga gida ya fara mirgino durom ɗin ruwan matarsa Hajaratu.

Ta fito daga madafa da muciya a hannu. “Malam, ina za a kai min durom?”

“Aikin gwamnati zai yi.”

“Wace gwamnatin?”

“Wadda za ta zo nemana in ta ji labari.”

“Ka kira Khairiyya ta duba maka abin nan?”

“Khairiyya ɗaliba ce, Hajaratu. Ita takarda ta ba ilmi, ni haihuwata aka yi da shi.”

“To a dawo min da shi da murfinsa,” in ji ta, ta koma.

Ranar kasuwa tun da sassafe ya jera tayoyin a da'ira, ya kafa durom a tsakiya, ya sa 'yan garuwa suka cika shi da ruwa don kada iska ta kayar, murfin kuma ya zana masa kibiya ya rataye a bedi. Ya ari usur, ya hau kan benci.

Abin mamaki, rabin awar farko abin ya yi. Mota ta shigo, ta zagaya, ta fita. Direbobi na tsoron sati guda ba lodi, ba wanda ya ko shafa birki. Badamasi ya riƙa hura usur ko da dalili ko babu, yana ɗaga wa Mani hannu kamar gwamna a buɗaɗɗiyar mota.

Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne Baba Yahuza mai goro. Dattijo ne da ya haura tamanin, rabin direbobin tashar shi ya yi masu huɗuba, sauran rabin shi ya karɓa masu aure. Wata uku yana kwance bayan an yi masa aiki a asibiti, ranar ce ya fara fitowa. 'Ya'yansa suka kawo shi ƙofar shagonsa suka zaunar a kujera da bargo a gwiwa. Shagon kuwa bakin da'irar yake, har kana iya miƙa masa goro daga tagar mota.

Kamilu ne ya fara ganinsa, da Golf ɗinsa cike da fasinjan Kankara. Ƙafarsa ta tafi birki da kanta. Badamasi ya hura usur. Kamilu ya tuna sati guda, ya janye ƙafa, ya leƙo da kai.

“Baba, barka da hwitowa.”

Kafin Baba ya ɗago kai mota ta wuce. To, wa ya taɓa jefa wa dattijo gaisuwa ya gudu bai ji amsa ba? Hanyar fitarsa na gabansa, Kamilu ya bar ta, ya sake zagayowa.

“Baba, ya ƙarfin jiki?”

Baba kunnensa ya yi nauyi. Ya kare ido da hannu ya ce, “Wane ne?”

Mota ta wuce. Zagaye na uku.

“Kamilu ne, Baba, na wajen Ummu Salma.”

Zagaye na huɗu, Baba ya shirya. “Af, Kamilu. Ya uwar taka?”

Zagaye na biyar. “Lahiya lau, tana gaishe ka.”

Na shida. “Ina amsawa. Ƙafar tata ta sake ta?”

Kafin nan fasinjoji ma sun gane Baba, kowa na son tasa gaisuwar ta isa. Sadiq mai bas ya shigo daga Faskari, ya ga Baba, ya shiga sahu. Wata motar ta biyo, wata ta biyo. Da suka ga ana iya jerawa biyu-biyu, sai direbobi suka fara gaisawa da junansu ma ta taga, ana tafe ana tambayar iyali. Kowa na shiga, ba mai fita. Waɗanda ke waje kuma sun ji an ce taya ba ta tsayawa, suka riƙa cusa hanci duk inda suka ga tsaga.

Wata tsohuwa a motar Kamilu ta ce ita fa jiri take ji, a sauke ta. Kamilu ya ce, “Iya, yi haƙuri, saura ya tambayi yara.” Wani ɗan Sabuwa ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin gari mai masu tsire tara ba, kuma duk kamarsu ɗaya. Mani kuwa kasuwa ta buɗe masa. Zagayen farko a ce na naira kaza, na biyu a ce a ƙara yaji, na uku ya miƙa ta taga.

Badamasi ya hura usur har kumatunsa suka yi ciwo. Ya riƙa nuna hanyar fita da hannu biyu. Sadiq ya leƙo ya ce, “Injiniya, na tsaya?”

“Ba ka tsaya ba, amma ka fita.”

“Dokar ta ce a fita? Alhaji cewa ya yi kada a tsaya.”

Da ya ga haka sai ya sauko daga benci, ya kutsa tsakanin motoci ya isa wurin Baba Yahuza, da niyyar roƙonsa ya koma cikin shago. Amma ba a fara wa dattijo da buƙata. Ya durƙusa, ya gaishe shi da jiki, Baba ya tambayi Hajaratu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi labarin ɗinkin da aka yi masa da yadda abincin asibiti ba gishiri. Da ƙyar Badamasi ya sami tsaga.

“Baba, dama cewa na yi ko za a shigar da kai ciki, saboda hayaƙi.”

“An ce kai ka kawo wanga abu mai zagaye?”

“Ni ne, Baba.”

“Allah shi yi maka albarka. Wata ukku ina kwance ina cewa an manta da ni. Yau ga shi mutum ɗaya ya gaishe ni sau goma sha. Ba inda za ni.”

Yana durƙushe a nan amalanke ta iso ta wata 'yar turba daga ƙauyen Tafoki, bijimai biyu na jan buhunan masara. Bijiman nan shekara bakwai suna ratsa mararrabar a miƙe, ba wanda ya yi shawara da su kan zagaye. Mai amalanke ya ja igiya dama, suka ce ba su san zancen ba. Suka ratsa tsakanin motoci biyu, suka taka tayoyin farar ƙasa, suka isa tsakiya, suka tarar da durom cike da ruwa ba murfi. Suka sa baki. Garken shanun da ake korowa kara daga baya suka hango 'yan'uwansu na sha, suka karkato gaba ɗaya. Kekunan Badamasi ke nan, sun iso da ƙahonninsu.

Wata Kanta shaƙe da rake ta zo kauce wa shanun, ta karkace ta gindaya, kai a hanyar Faskari, gindi a tukubar Mani. Bas ɗin Sadiq ta manne mata. Golf ɗin Kamilu ta manne wa bas. Daga nan komai ya tsaya, kamar an ɗaure bakin buhu. Layin motoci ya miƙe ta hanyoyi uku har inda ido ya gaza. Ko mai tallan ruwa sai ya bi ta ƙarƙashin Kanta.

Alhaji Gide ya fito daga tasha, ya bi ta kan wani baro da bayan wata akori-kura kafin ya iso bedi. Bai ɗaga murya ba.

“Badamasi, motoci nawa suka tsaya a da'irar nan?”

“Duka, Alhaji.”

“Wato sati guda tashata ba mota ke nan.”

Badamasi ya share gumi, ya haye benci, ya ɗaga yatsu biyar. “Jama'a, kowa shi kwantar da hankali. Wanga duk yana cikin lissahi. A ba shi minti biyar.”

Labarin mota mai ɓacewa ya riga ya zaga tasha tun ranar gwaji. Nan take aka yi tsit. Aka kashe injuna. Kowa ya zaro waya yana duba lokaci, ido kan Kanta. Direbanta ya leƙo ya ce, “Injiniya, in zauna ciki ko in sauko?”

“Zauna, ba abin da za ka ji.”

Direban ya yi ɗan tunani, ya sauko. Ya ce bai yi sallama da iyalinsa ba.

Mani ya hau kan buhun gawayi yana sanarwa. “Minti ɗaya.” Wani bijimi ya yi atishawa a cikin durom. “Minti ukku. Masu rake a ciki, a riƙe shi da kyau.” Wata mata ta janye ɗanta daga kusa da tayar motar, kada a tafi da shi. “Huɗu da rabi.” Baba Yahuza ya tambayi abin da ake jira, aka gaya masa a kunne, ya ce a juya masa kujera ya gani.

“Biyar.”

Kanta na nan. Wani tsinken rake ya zamo ya faɗo ƙasa, shi ne kawai abin da ya motsa.

Badamasi ya ce agogon Mani na gudu, hayaƙi ya lalata shi. Aka ƙara biyar da agogon Alhaji. Badamasi ya ce ai daga lokacin da aka kashe inji ake fara ƙirga. Ana cikin biyar ta uku sai ga Khairiyya ta ɓullo ta tsakanin shanu, jaka a ka, takalma a hannu. Motar da ta ɗauko ta daga Ruwan Godiya tana can bayan gari, da ƙafa ta ƙaraso. Ta dubi tayoyi, ta dubi durom, ta dubi yayanta bisa benci da yatsu biyar a sama. Ba ta tambayi kowa ba. Ta jawo kwamfutar, ta danna koren maɓalli, ta jawo akwatin jan rubutun daga inda aka tura shi. Ta karanta, ta rufe baki da mayafi.

Ta ce a hankali, “Yaya, sauko mu je gefe.”

“Gefen mi? Hwaɗi gaban kowa. Ni ba ni da abin ɓoyo. Gaya masu minti nawa ya rage.”

“Yaya, don Allah.”

“Alhaji, ga wadda na koya ma aikin. Hwaɗa masu.”

Khairiyya ta ajiye takalmanta. “Alhaji, manhajar ba ta son gwaji ya tsaya. In mota ta maƙale minti biyar, sai ta ɗauke ta da kanta ta ajiye gaba, don a samu a ga sauran. Duk sadda ta yi haka sai ta rubuta gargaɗi da ja, cewa hanyar nan ta cushe, a sake zane.”

Alhaji Gide ya ce, “Sau nawa ta rubuta mashi?”

Ta gangara da yatsa, ta gangara, ta gangara. “Sau ɗari biyu da sha ɗaya.”

Mani ya ce, “Ashe ita ma ta yi ta gaishe shi, shi ne bai amsa ba.”

Dariyar da aka yi sai da shanu suka ɗago kai daga durom. Direban Kanta ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Alhaji Gide ya jira aka lafa, sannan ya ce dokar taya ta mutu daga yanzu, ba wanda za a hana lodi, kowa ya sauka ya gaida Baba a tsanake, sannan a fara warware motoci daga baya. Ya juya ga Badamasi.

“Azahar ta yi. Tebur.”

“Alhaji, da dai an bari hanya ta buɗe. Ka ga kara na tsallake, ba inda tebur zai bi.”

Mani ya ce, “Wannan mai sauƙi ne.”

Aka cire wayoyin mutane aka damƙa wa Khairiyya tare da kwamfuta. Ƙarti huɗu suka ɗaga teburin suka miƙa wa na kan Golf ɗin Kamilu. Na kan Golf suka miƙa wa na kan bas. Daga bas ya hau raken Kanta, daga rake ya sauka kan buhunan amalanke, ƙafafunsa huɗu a sama, igiyoyin caji na reto. Badamasi na biye da rarrafe bisa rufin motoci, yana cewa a yi hankali da soket. Kafin ya kai tsakiya an riga an dire teburin a tsallake, Mani kuma har ya fara jan tukubarsa zuwa gindin bedi.

Alhaji Gide ya ce, “Tun da Baba ya hwito, wanga tebur ne kaɗai ya shiga mararrabar nan ya fita ta inda ya nufa.”

Badamasi ya tsaya cak bisa raken Kanta. Ya dubi teburin can, ya dubi inda aka ɗauko shi. Ya miƙe tsaye, ya kaɗe gwiwa, ya gyara hula.

“Alhaji, ka dai gani da idonka, ta sama hanya a buɗe take. Gadar sama Sheme ke buƙata, dama can nan lissahina ya dosa. Khairiyya, manhajar nan tana zana gada?”

“Tana zanawa, Yaya. Amma na goge ta tun tebur na kan motar Kamilu.”

“Ba komai,” in ji shi, yana laluben inda zai sa ƙafa ya sauka wajen shanu. “Na riga na haddace ta.”